Ba Kowane Ciwon Mara Ba Ne Sanyi

A yawancin kemis da ƙananan asibitocinmu, macen da ta zo da ciwon mara sunan cutarta ɗaya ne, wato sanyi. Za a haɗa mata maganin kashe ƙwayoyin cuta kala biyu ko uku, a ƙara da na matsi, a ce maigida ma ya sha. Wata ya zagayo ciwo ya dawo, a ce sanyin ne bai mutu ba, a koma allura. In budurwa ce, gida ma ba za a bari ta fita ba. "Ki yi haƙuri 'yar nan, kowace mace haka take, in kin yi aure zai daina." Ta yi auren bai daina ba, sai a ce in ta haihu. Haihuwar kuma ta ƙi zuwa.

Da yawa daga cikin waɗannan mata abin da ke damunsu endometiriyosis ne, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kama kusan mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa, kimanin mata miliyan 190 a duniya. Ra'ayina shi ne, babban abin da ke cutar matanmu game da ita ba rashin manyan na'urori ba ne. Rashin tambaya ne, da saurin laƙaba wa kowane ciwo sunan sanyi, da kunyar ba budurwa maganin da yake ajiye a ɗakin tazarar haihuwa na kusan kowane asibitin unguwa.

Mahaifa tana da shimfiɗa a cikinta wadda ke yin kauri kowane wata don tarbar ciki. In ba a samu ciki ba sai ta zube, jinin al'ada ke nan. A wannan cuta, tsoka mai kama da waccan shimfiɗa ce ke tsirowa a wajen mahaifa: a kan ma'ajiyar ƙwai, a kan tantanin da ya lulluɓe cikin mara, a lungun da ke tsakanin mahaifa da ƙarshen hanji, a kan jijiyoyin da ke riƙe mahaifa ta baya, wani lokaci a jikin mafitsara ko hanjin kansa. Sinadarin istirojin da ke raya shimfiɗar mahaifa shi ke raya wannan tsokar ma. Duk wata sai ta kumbura ta yi tsattsafin jini, jinin kuma ba shi da mafita. Wurin ya yi ta kumburi yana warkewa da tabo, tabon yana manne gaɓoɓin da ya kamata kowacce ta zauna sake, har a samu mahaifa da hanji da ma'ajiyar ƙwai sun cure wuri ɗaya.

Likitoci sun kasa ta gida uku. Akwai ta sama-sama, ɗigo-ɗigo a kan tantanin mara. Akwai ƙullun da ke fitowa a ma'ajiyar ƙwai cike da tsohon jini mai kauri da duhu, wanda ake kira ƙullun cakulan. Sai mai zurfi, wadda ta nutse fiye da milimita 5 cikin nama, ita ce ke kama hanji da mafitsara da bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda. Wannan ta ƙarshe tana iya shaƙe bututun a hankali har ƙoda ɗaya ta lalace ba tare da mace ta ji wani sabon abu ba. Yawan cutar da zafin ciwo kuma ba sa tafiya tare. Mace na iya samun 'yan ɗigo ta kasa miƙewa tsaye, wata cikinta ya gama mannewa amma ba a gano ba sai da aka zo binciken haihuwa.

Bayanin da ya fi shahara kan asalinta shi ne na likitan Amurka John Sampson a 1927: wani ɓangare na jinin al'ada yana komawa baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin mara. Sai dai wannan komawar tana faruwa ga mafi yawan mata, kaɗan ne ke kamuwa, don haka akwai hannun garkuwar jiki da gado a ciki. Wadda mahaifiyarta ko 'yar uwarta ke da ita ta fi kusa da samu. Nan ma akwai tarko, domin uwar da ta sha wannan wahala duk ƙuruciyarta ita ce za ta fi kowa tabbatar wa 'yarta cewa haka al'ada take. Ba a ɗaukar cutar a banɗaki, ba a ɗaukarta wajen miji, ba ta da alaƙa da ƙazanta ko zubar da ciki.

An daɗe ana koyar da ɗaliban likitanci cewa cuta ce ta Turawa masu hali da ke jinkirta aure, baƙar mace ba ta cika yin ta ba. Tun 1976 wani likita a Amurka, Donald Chatman, ya nuna cewa baƙaƙen mata da dama da aka yi ta yi wa maganin ciwon sanyin mahaifa wannan cutar ce ke gare su. A nan gida, binciken da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, aka wallafa a 2015, ya samu cutar a jikin kusan kashi 48 cikin 100 na mata 239 da aka leƙa cikinsu da kyamara. Waɗannan mata ne da suka zo asibiti da matsala, don haka adadin ba na dukkan mata ba ne. Amma ya isa ya rushe batun cewa ba mu da ita. Ba a gani ne saboda ba a dubawa.

Sanyin mahaifa cuta ce ta gaske, kuma yana toshe bututun ƙwai, ba mai musun wannan. Amma yana da kamanninsa: zazzaɓi, fitar ruwa mai wari ko launi, ciwon da ya taso cikin kwanaki, kuma in aka ba da maganin da ya dace na kwana 14 ana ganin sauƙi. Ciwon da ke zuwa da wata ya tafi da wata, shekara da shekaru, ba ƙwayar cuta ba ce. Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne gwajin auduga da ake ɗauka a gaban mace. Gaban kowace lafiyayyar mace yana da ƙwayoyin halitta da ke zaune a wurin, fatar jiki ma haka, don haka kusan kullum sai wani abu ya tsiro a gwajin. Sai a miƙa mata takarda a ce ga cutar, a rubuta allurai na mako guda. Maganin ya kashe ƙwayoyin da ke kare gaban, ƙaiƙayi ya biyo baya, a ce ai ga sanyin ya fito fili. An bar jaki ana dukan taiki, kuɗi na tafiya, shekarun haihuwa na tafiya.

Raba ciwon al'ada na yau da kullum da wanda ya wuce misali ba ya buƙatar na'ura. Na yau da kullum yakan fara ne cikin shekarar farko ko ta biyu da soma al'ada, ya zo da zuwan jini, ya lafa cikin kwana 1 zuwa 3, kuma yana jin maganin ciwo. Abin da ya kamata ya tsayar da ma'aikacin lafiya shi ne amsar 'yan tambayoyi. Ciwon yana hana ki makaranta, ko aiki, ko girki? Yana farawa kwanaki kafin jini, ya zarce bayan an ɗauke? Kina jin zafi wajen bayan gida ko fitsari a kwanakin al'ada, ko kin taɓa ganin jini a cikinsu? In matar aure ce, kina jin zafi can ciki lokacin saduwa? An shekara ana nema ba a samu ciki ba? Biyu daga ciki sun isa a yi zargi. Kwalejin likitocin mata ta Amurka ta bayyana a 2018 cewa cikin 'yan matan da ciwonsu ya ƙi jin magani har aka leƙa cikinsu, aƙalla biyu cikin uku wannan cutar ake samu.

Mace ko uwar yarinya na iya taimaka wa likita da abu mai sauƙi. A samu kalanda ko bayan littafi, a riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, zafin ciwo kowace rana daga 0 zuwa 10, maganin da aka sha da yawansa, da ranakun da aka kasa fita. Wata uku na wannan rubutu sun fi takardun gwaji goma amfani.

Hoton sikanin yana da rawar da yake takawa, amma a san iyakarsa. Wanda ake ɗorawa a kan ciki yana iya nuna ƙullun ma'ajiyar ƙwai in ya yi girma. Wanda ake yi ta gaba ya fi shi gani nesa ba kusa ba, kuma a hannun wanda ya ƙware yana nuna mai zurfin da mannewar mahaifa da hanji. Ga budurwa ana tsayawa a na kan ciki, ko a tafi hoton babbar na'urar MRI in akwai hali. Ta sama-sama kuwa, wadda ita ce ta fi yawa, yawanci ba ta fitowa a hoto ko wane iri ne. Saboda haka kalmar "sikanin bai nuna komai ba, lafiyarki ƙalau" kuskure ce, kuma ita ce ke mayar da mata da yawa gida su ci gaba da zargin kansu da raki. Gwajin jini na CA-125 da wasu ke rubutawa ba ya tabbatar da cutar, ba ya kore ta, yana dai tayar da hankali da zancen daji.

A da ƙa'ida ita ce ba a cewa mace na da cutar sai an yi tiyatar leƙe, wadda ake huda cibiya a zura kyamara. A ƙasar da wannan aiki sai manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato da na Maiduguri, ko asibitin kuɗi, ma'anar wannan ƙa'ida ita ce matar ƙauye ba za ta taɓa samun suna ga ciwonta ba. A 2022 ƙungiyar masana haihuwa ta Turai, ESHRE, ta sauya matsaya. Ta ce ana iya fara magani bisa alamomi da hoto, a bar tiyatar leƙe ga wadda hoto bai nuna komai ba ko magani bai yi mata aiki ba. Wannan sauyi ya fi amfanar mu fiye da waɗanda suka rubuta shi, amma har yanzu bai sauko inda mata suke zuwa ba.

Matakin farko maganin ciwo ne, kuma yawanci ana shan sa ba daidai ba. Ibuprofen miligiram 400 duk awa 8 bayan an ci abinci, ko mefenamic acid miligiram 500 sau uku a rana. Aikinsu hana jiki haɗa sinadarin da ke sa mahaifa murɗawa, don haka a fara kwana ɗaya kafin ranar da ake sa ran jini, ko da jin alamar farko, a ci gaba kwana 2 zuwa 3 a kan lokaci. Wadda ta jira sai ciwo ya kayar da ita ta makara, sinadarin ya riga ya zuba. Ba a haɗa biyu daga wannan dangi, kuma haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis sau da yawa ibuprofen ne da diclofenac tare, hanyar gyambon ciki da ciwon ƙoda ke nan. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma sai ta ga likita tukuna. Tramadol da allurar pentazocine kuwa, macen da ke buƙatar su duk wata tana kan hanyar kamuwa da jarabarsu, kuma wannan buƙatar kanta hujja ce cewa akwai abin da ba a bincika ba.

Mataki na biyu shi ne inda muke tuntuɓe. Tunda al'ada ce ke hura wutar cutar, maganin shi ne a kwantar da al'adar. Ana yin haka da ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari biyu, a sha a jere ba hutun kwana 7. Ko da masu sinadari ɗaya, wato dangin furojestin: dienogest miligiram 2 kullum, ko norethisterone, ko allurar Depo-Provera duk wata uku, ko allurar Sayana Press, ko robar mahaifa mai sakin sinadari irin Mirena. A ba kowanne wata 3 zuwa 6 kafin a yanke masa hukunci, kuma ɗigon jini a watannin farko ba alamar gazawa ba ce. Mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ba ta shan mai sinadari biyu, sai furojestin kaɗai, irin wanda likita ya zaɓa mata. Akwai allurai masu ƙarfi irin goserelin da ke tsayar da aikin ma'ajiyar ƙwai ɗungurungum, amma suna cin ƙashi, ba a wuce wata 6 da su sai an haɗa da maganin kariya, kuma aikin ƙwararre ne.

Na san abin da iyaye za su ce: a ba 'yar shekara 16 maganin hana haihuwa? Damuwar tasu abin fahimta ce, sai dai ta ginu ne a kan sunan da aka san maganin da shi. Matanmu sun daɗe suna shan Primolut N don ɗage al'ada lokacin aikin Hajji, wasu har da azumi, ba wanda ya ga aibinsu. Primolut N norethisterone ne, ɗaya daga cikin magungunan wannan cuta. Tsoro na biyu shi ne jinin zai taru a ciki. Ba ya taruwa, domin maganin yana hana shimfiɗar mahaifa yin kauri tun farko, babu abin da zai zuba. Na uku shi ne zai kashe mahaifa. Ƙwayar ba ta hana haihuwa bayan an daina, yawanci ƙwai na dawowa cikin wata 1 zuwa 3. Allurar wata uku ce ke jinkiri, wani lokaci har kusan shekara, don haka ba ita ce zaɓin wadda aurenta ya kusa ba. Ma'aikaciyar lafiyar da ta zauna ta yi wa uwa wannan bayani a cikin minti biyar ta ceci shekarun karatun yarinya.

Wajen haihuwa kuma lissafi ya juya gaba ɗaya. Cutar tana hana ciki ta hanyoyi da dama: mannewa na karkatar da bututu ya kasa ɗaukar ƙwai, kumburin cikin mara na cutar ƙwai da maniyyi, ƙullun cakulan na cin lafiyayyen naman ma'ajiyar ƙwai, zafi kuma na rage saduwar kanta. Cikin matan da ke fama da rashin haihuwa, ana ƙiyasta kashi 25 zuwa 50 cikin 100 suna da ita. Duk da haka da yawa daga masu cutar suna haihuwa ba tare da wani taimako ba, kuma gaya wa budurwa cewa ta zama juya zalunci ne da ba shi da tushe. Abin da ya wajaba a sani shi ne, magungunan kwantar da al'ada ba sa ƙara damar samun ciki, suna hana shi ne muddin ana sha. Matar da ke neman haihuwa aka ɗora ta a kan allura wata shida "don a wanke mahaifa" an ɓata mata wata shida. Wadda ta shekara tana nema, ko wata 6 in ta haura 35 ko an riga an san tana da cutar, bincike take buƙata. A fara da gwajin maniyyin maigida, don shi ne mafi sauƙi da araha, kuma matsalar namiji na da hannu a kusan rabin auren da ba a samu haihuwa ba. Sai hoton bututun ƙwai, sai gwajin AMH da ke nuna yawan ƙwan da ya rage. Daga nan ne za a zaɓi tiyata ko dashen IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar cikin mahaifa, gwargwadon shekaru da halin bututu da aljihu.

Zafin saduwa ya cancanci a yi maganarsa a fili, domin yana kashe aure a ɓoye. Idan tsokar ta kama bayan mahaifa, duk taɓawa can ciki azaba ce. Mace ta fara kauce wa shimfiɗa, a fassara shi da ƙiyayya, ko sammu, ko namijin dare. 'Yan uwa su kawo kayan mata na matsi, waɗanda ke ƙara ƙuna da kumburi. Addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti, kuma malamin kirki zai faɗi haka da kansa. Mijin da matarsa ta ce tana jin zafi, abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne tana jin zafin.

Muna da wurin koyar da wannan da ƙasashe da yawa ba su da shi. A Islamiyya kowace yarinya tana koyon hukuncin haila daki-daki: mafi yawan kwanakinta 15 ga mai farawa a mazhabar Malikiyya, yadda ake gane tsarki, bambancinta da jinin cuta. Malamar da ke koyar da wannan babi ta riga ta karya kunyar zancen. Ƙara mata jumla biyu, cewa ciwon da ke kwantar da mace ko sa ta amai da suma ba ɗabi'ar haila ba ce kuma yana da magani, ba ya cin ko sisi. Ostireliya ta fitar da shirin ƙasa kan wannan cuta a 2018, Faransa ta bi baya a 2022. Mu ko ba mu kai nan ba, ma'aikatun lafiya na jihohi na iya sa waɗancan tambayoyi a horon ma'aikatan asibitocin matakin farko, su koya wa masu sikanin duba bayan mahaifa, hukumomin taimakekeniyar lafiya kuma su sa tiyatar leƙe cikin abin da suke biya, tunda dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa.

Wasu alamomi na buƙatar babban asibiti kai tsaye. Cibiyar da ke kumbura ko zubar da jini lokacin al'ada. Ƙullu mai zafi a kan tabon tiyatar haihuwa da ke tashi duk wata. Ciwon ƙirji ko kafaɗar dama da sarƙewar numfashi da ke zuwa tare da jini, wanda ke nuna cutar ta kai tantanin huhu. Da cikin da ke cika da ruwa mai jini, nau'in da aka fi ba da rahotonsa a matan Afirka da ba su taɓa haihuwa ba, kuma sau da yawa ake ɗaukarsa tarin fuka na ciki ko daji.

Tiyata tana taimakawa sosai in an yi ta a hannun da ya iya, amma ba ta da tabbacin warkewa har abada. Cutar na dawowa ga kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100 a cikin shekara 5 idan ba a bi da magani ba, shi ya sa wadda ba ta neman ciki nan take ake ɗora ta a kan maganin kwantar da al'ada bayan aiki. Zuƙe ƙullun cakulan kawai ba ya hana shi sake cika, ɓare bangonsa ya fi, amma kowace ɓarewa tana tafiya da wani ɓangare na ƙwan mace, don haka aiki na biyu da na uku a kan ma'ajiyar ƙwai ɗaya abin a yi dogon tunani ne ga mai son haihuwa. Cire mahaifa ma ba ya kawar da tsokar da ke kan hanji ko mafitsara in an bar ta a wurin. Kafin a sa hannu a takardar aiki, mace da mijinta ko waliyyinta su tambayi likita ko yankewa zai yi ko ƙonawa, me zai yi in ya tarar cutar ta kama hanji, kuma ko za a aika abin da aka cire ɗakin gwaji. Bayan aiki su karɓi kwafin rahoton tiyatar da sakamakon gwajin naman su adana, domin likitan da zai gan ta bayan shekara uku da su zai san inda aka tsaya.